Neman kalmar Hausa: me za mu kira "subtitle"?

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 4 na yamma akwai shirin rediyo kan dalilin da ya sa matasa ke kallon finafinan Koriya da na Turkiyya da muryarsu ta asali, suna karanta fassara a ƙasan allo, ba su jiran wanda aka ɗora wa murya. Kalmar za ta yi ta maimaituwa. A taimaka kafin isha'i.

Hajiya Edita: Wa'alaikumus salam. "Fassarar rubutu". Sai ki kira ɗayar "fassarar murya", irin ta Indiya-Hausa, mai sauraro ya ji bambancin nan take. A guji "ƙaramin take", wannan na kanun labari ne.

Ɗan Damagaram: Nan wajenmu masu boko "sous-titre" suke cewa, sauran jama'a kuma "rubutun ƙasa". Kowa na ganewa.

Malam Nahawu: "Fassarar rubutu" tana da harshen damo. Ana iya ɗauka rubutu ne aka fassara, alhali magana ce aka mayar rubutu. "Rubutacciyar fassara" ta fi tsabta.

Hajiya Edita: Gaskiya ne Malam, amma gaɓa takwas ce. A rediyo sai ta cinye numfashi.

Mai Alƙalami: Duk kuna kewaye-kewaye. Kalmar tana nan tun kafin majigi: hashiya. Malamanmu sun daɗe suna rubuta ma'anar kalmar Larabci da ajami a gefen matani ko tsakanin layuka. Matani na nan yadda yake, bayani na biye da shi. Shi ke nan aikin. "Fim mai hashiya". Gaɓa uku.

Injiniya: Kafin a yanke, a san abubuwa biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai wadda aka ƙona cikin hoton, ba ta cirewa. Akwai kuma fayil na daban, galibi SRT: lambar layi, lokacin shiga da na fita, sai rubutu. In sunansa ya zo daidai da na bidiyon a wuri ɗaya, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta ɗauko shi da kanta. Sannan akwai ta kurame, wadda a harshen fim ɗin take, har da "ƙarar ƙofa" da "kiɗa". Wannan ba fassara ba ce sam, don haka duk kalmar da ta fara da "fassara" ta bar ta a waje.

Mai Alƙalami: Kun gani? Hashiya ta ɗauke su duka.

Hajiya Edita: Ranka ya daɗe, hashiya tana ƙara wa matani ne, wannan kuwa ragewa take. Ƙa'idar da Netflix ke bi a harsuna da dama: layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, kada rubutu ya wuce daƙiƙa 7 a allo. In aka ɗauki saurin karatu harafi 17 a daƙiƙa, maganar daƙiƙa 3 harafi 51 kawai take da shi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Doguwar gaisuwa, maimaici, "to", "wato", duk zubar da su ake yi. Abin da aka zubar kunne ne ke tsintowa, kuma daɗin kallon ke nan: kana jin rawar muryar ɗan wasa, kana jin inda ya yi shiru. A fim ɗin Indiya za ka ji "duniya" da kunnenka, a na Turkiyya "zaman", tushensu ɗaya da duniya da zamani namu. Ɗora murya na shafe wannan.

Malam Nahawu: Ki sa wannan a shirin: Bakoriya kan kira yayanta namiji "oppa", namiji kuma ya ce "hyung", Baturkiye ya ce "abi" ga yaya namiji, "abla" ga mace. Fassarar Turanci sau da yawa sunan mutumin kawai take sakawa, girmamawar ta ɓace. Mu muna da "yaya". Matsalar ita ce mai fassara zuwa Hausa yakan bi ta kan Turancin, sai ƙanwa ta kira yayanta da suna gatsal.

Mai Alƙalami: Ita ce cutar tamu. Finafinan Kannywood ma Turanci ake jera musu a ƙasa, ko da gurguwa ce, don a ce an waye. Mu da muka kalli Indiya a silima shekaru aru-aru ba tare da jin Hindi ba, yau mun kasa haƙura da kalma tamu.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, hashiya Larabci ce. "Fim" Turanci. Me ya sa aron gabas halal ne, na yamma haram? Kuma Turancin nan ba don ƙarya kaɗai ake sa shi ba, akwai masu kallo da ba sa jin Hausa.

Mai Alƙalami: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida.

Ɗan Damagaram: To ka tsaya bakin kasuwa ka ce "hashiya", mu ga mutum nawa za su waiwayo.

Injiniya: Ku bar wannan. In masu sauraro sun kira da ƙorafi, biyu ne za su fi yawa. Ƙ, ɗ da ɓ su koma alamar tambaya: ba a adana fayil ɗin da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba, in kuma akwatuna suka fito, salon harafin ne ba shi da masu lanƙwasa. Na biyu, rubutu ya saɓa da baki. In tazarar ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, maɓallan G da H a VLC sun isa a matsar da rubutun gaba ko baya. In kuwa ƙaruwa take yi, an tsara fayil ɗin kan hoto 25 a daƙiƙa alhali bidiyon 23.976 ne, wajen minti biyu da rabi a kowace awa. Sai an sauya shi a manhajar Subtitle Edit.

Mai Gabatarwa: Na gode. Zan buɗe da "rubutacciyar fassara" sau ɗaya, in ci gaba da "fassarar rubutu" da "fassarar murya". Ta kurame fa?

Malam Nahawu: Ki ce "rubutun allo na kurame" zuwa wani lokaci. Ban gamsu da "fassarar rubutu" ba, amma gobe ta kusa.

Mai Alƙalami: A dai ambaci hashiya ko sau ɗaya ne, masu sauraro su yi hukunci.

Mai Gabatarwa: In lokaci ya rage, Malam.