"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka": wane ne tsuntsun?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar kawuna da yayana suka kusa ɓatawa a ƙofar gida kan wannan karin maganar. Ana hirar fitar sojojin Amurka daga Agadas a 2024, sai Yaya ya kawo labarin Ron Paul, likitan nan tsohon ɗan majalisa daga Tekzas, cikin 'yan libatariyan masu cewa gwamnati ta tsaya a gida, ta ƙyale wa mutane kuɗinsu da 'ya'yansu. Ya ce a muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 2007 mutumin ya faɗa wa Amurkawa ƙiri-ƙiri cewa harin 11 ga Satumba bai rasa nasaba da shekarun da suka ɗauka suna ruwan bama-bamai a Iraƙi, har abokin takararsa Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya nemi ya janye maganar, ya ƙi. Yaya ya ce to ga tsuntsun da ya ja ruwa nan. Kawu ya ce haram, waɗanda suka mutu a benayen nan ba su suka ja ruwan ba. Har aka kira magariba ba su daidaita ba. Ya kuka gani?

Malam Na Bakin Kasuwa: Kawunka na da gaskiya. Karin maganar ta mutum ɗaya ce, wanda ya tono rigima da hannunsa ta dawo kansa. Ƙasa kuwa ba mutum ɗaya ba ce. Wanda ya sa hannu a kan yaƙi daban, wanda aka kai gawarsa gida daban.

Bazagazagi: Malam, ai abin da mutanen nan ke faɗa ke nan. Cewa suke mai mulki ya ja ruwan, talaka ya biya haraji, ɗan talaka ya sha dukan. Shi Paul ɗin ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi tun a ƙuri'ar 2002, lokacin da yawancin 'yan jam'iyyarsa suka ce a tafi. Makaman ƙare dangin da aka ce Saddam na da su kuwa ba a gan su ba.

'Yar Damagaram: Ku tambaye mu. A 2011 NATO ta yi wa Libiya ruwan wuta, aka kashe Gaddafi a Sirte cikin Oktoba. Kafin shekara ta zagayo makaman rumbunsa sun gangaro, Kidal da Gao da Tumbuktu na arewacin Mali sun faɗi hannun 'yan tawaye a 2012. Tsuntsun ya ja ruwa ya tashi abinsa, mu da ke ƙarƙashin bishiyar ruwan ya doka. Ni dai "garin gyaran gira a rasa ido" ta fi dacewa.

Ɗan Tudun Wada: To amma in maƙwabci na yanka iyalinsa fa? A zuba ido? Kawu ya kawo Ruwanda 1994, ya ce can rashin shigar ne ya zama abin kunya. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta fa?

Bazagazagi: Naka aka ce ka shafa wa ruwa, ƙanena, ba a ce ka je gidansa da fetur ba.

Uwar Biyu: Bari in ba ku abin da na ji daga bakin kakata, Allah ya jiƙanta. Tana yarinya aka zo ɗibar samari yaƙin Bama, zamanin Hitila. Dagaci aka ce ya kawo mutum kaza, ya tsallake gidansa da na surukansa, ya nuna yayanta, shi kaɗai namiji a ɗakinsu, ga gero ya fara kai. Ta ce uwarsu ta bi su har bakin rafi da ƙullin ƙuli-ƙuli a gefen zane, ba a bari ta miƙa masa ba. Babu wanda ya san inda Bama take, babu wanda ya taɓa ganin Bajapane balle a ce ya yi musu laifi. Bayan yaƙi ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo da takalmin soja. Amma da hadari ya haɗo sai ya shige ƙuryar ɗaki ya toshe kunne, ya ce ruwan Bama ne, wanda ake kwana ana wuni a cikinsa, matsattsaku na shan jinin mutum. Manomi ne fa, ɗan manoma, ya koma yana tsoron damina. Gonar ma a hannun ɗan dagacin ta ƙare. Duk ranar da wani ya faɗi karin maganar nan a gabanta sai ta ce, "Ƙarya ne, Yaya bai ja ruwa ba." Har ta rasu akwatin na ƙarƙashin gadonta, a ciki take ajiye turare da carbi.

Malam Na Bakin Kasuwa: Allah ya gafarta musu. Hajiya, kin kashe min jiki.

Sarkin Shayi: Amin. Irin dagacin nan fa har yau suna nan, sai dai yanzu babbar riga suke sawa su hau jirgi. Wanda a 2023 ya fi kowa ɗaga murya a shiga Nijar da yaƙi, a duba ko ɗansa na barikin soja ko yana Landan yana karatu.

'Yar Damagaram: Wani kuma ya kori baƙo ta ƙofar gaba ya shigo da wani baƙon ta ƙofar baya, ya ce mana 'yanci ne.

Sarkin Shayi: Hajiya a yi a hankali, shayina bai huce ba tukuna!

Bazagazagi: Kun tuna Tongo Tongo a Oktoban 2017? Sojojin Amurka 4 suka mutu tare da na Nijar, sai ga wasu sanatocinsu na cewa ba su san yawan dakarun da ke can ba. Ɗan Ron Paul ɗin, Sanata Rand Paul, ya kawo ƙudurin a kwashe su a Oktoban 2023, mutum 11 suka goyi baya, 86 suka ƙi. Bai cika shekara ba Yamai ta sallame su da kanta.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ni a garinmu "ya kira ruwa" muke cewa, ba "ya ja" ba. Kuma wane tsuntsu ne ma? Na ji masu cewa shamuwa.

Uwar Biyu: A'a Malam, shamuwa albishir take kawowa, ba a yi mata wannan sharrin.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, zan karanta wa Kawu labarin kakarki anjima in an idar da isha'i. Mahaifinsa ma ya je Bama.