Sabar imel ɗina ta koma hanyar kowa: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke kula da sabar imel ta wani ƙaramin ofis, manhajar imel ta Postfix ce a kan tsarin Linux na Debian. Ranar Litinin da safe na tarar wasiƙun ma'aikata duk suna dawowa. Da na buga postqueue -p, umarnin da ke nuna wasiƙun da ke jiran fita, sai allo ya yi ta gudu, dubban wasiƙu zuwa ga mutanen da ba mu san da zamansu ba. Kafin azahar adireshinmu ya shiga jerin Spamhaus, wato baƙin jerin adireshin da ke aika wasiƙun banza.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne smtpd_relay_restrictions ɗina, wato ƙa'idar wanda aka yarda ya aika wasiƙa waje ta sabar, lafiya lau yake: permit_mynetworks, permit_sasl_authenticated, reject_unauth_destination. Sai da na bi mail.log, fayil ɗin da sabar ke rubuta duk abin da ya faru, layi-layi sannan na lura duk masu shigowa daga 192.168.1.1 suke, wato rautarmu. Ashe an canja rauta ranar Asabar, sabuwar kuma tana goge adireshin mai shigowa daga waje ta maƙala nata. Ni kuwa tun tuni na zuba 192.168.1.0/24, wato adireshin cikin ofis gaba ɗaya, cikin mynetworks, jerin waɗanda Postfix ke ɗauka ƴan gida ne, saboda na'urar sikana ba ta iya shiga da kalmar sirri. Ka ga ke nan duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 25, wadda imel ke shigowa ta ita, a wajen Postfix ɗan gida ne. Ku faɗa min naku, don Allah.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Nawa ba ta mynetworks ya zo ba. Wani ma'aikacinmu ne ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi, ɓarayi suka shiga ta ƙofa ta 587 da sunansa, SASL, mai tantance suna da kalmar sirri, ta karɓe su hannu bibbiyu tunda kalmar daidai ce. Abin da ya fi min ciwo, da asusun mutum ɗaya suka riƙa aika wasiƙu da sunan shugaban ofis, domin Postfix ba ta damu da wanda aka rubuta a matsayin mai aikawa ba sai ka ce mata ta damu. Daga ranar na sa smtpd_sender_login_maps tare da reject_sender_login_mismatch, kowa da adireshinsa kaɗai zai aika. Na kuma taƙaita yawan wasiƙu da smtpd_client_message_rate_limit. Wannan na biyun da na sa shi tun farko, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Ƴar Damagaram:
Ni matsalata akasin taku ce, ba abin da ke fita. Kamfanin da muke hayar sabar a wajensa ya toshe ƙofa ta 25. Na koma bi ta Gmail da relayhost = [smtp.gmail.com]:587, amma ta ƙi ni. Abu biyu ne: na manta ban buga postmap a kan sasl_passwd, fayil ɗin kalmar sirri, don Postfix ta iya karanta shi ba, sannan kalmar sirri ta yau da kullum Google ya daina karɓarta a irin wannan tun 2022, sai an ƙirƙiri ta manhaja mai haruffa 16.

Tsohon hannu:
Mai buɗe zance, ƙanina, kada ka yi gaggawar buga postsuper -d ALL. Na taɓa yi cikin fushi, na share har da wasiƙun gaske na mutane, wasu takardun kuɗi ne, kuma abin da ka share a nan ba ya dawowa. Fara da postsuper -h ALL ka tsare komai, sannan ka tace a tsanake. Kuma kada ka nemi Spamhaus su cire ka sai ka tabbata ramin ya toshe, in ba haka ba za ka koma ciki.

In ka gama, leƙa DNS ɗinka, wato bayanan sunan yankinka a intanet. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar SPF ko DKIM, hanyoyin tabbatar da cewa wasiƙa daga wajenka ta fito, daga kowane mai aikawa, wanda ke aika 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC, ƙa'idar da ke faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta kasa tantancewa. Ni layin SPF biyu na taɓa sakawa a suna ɗaya, ina ganin ƙarin kariya ne, alhali biyu na lalata duka. Ɗaya ake so, kuma binciken DNS a cikinsa kada ya wuce 10.

Mai buɗe zance:
Na gode Yaya, saura kaɗan in share, saƙonka ne ya riƙe min hannu. Na tsare su, na tsamo namu na sake su. Yanzu mynetworks ya koma 127.0.0.0/8, wato sabar ita kanta, da adireshin sikana ɗaya tak, rauta ma na gyara ta, adireshin masu shigowa na gaskiya ke fitowa a mail.log. Na gwada daga layin wayata da telnet, na nemi aikawa zuwa waje ba tare da kalmar sirri ba, ta amsa min da 554 5.7.1 Relay access denied. Ɗan Zariya, turo min yadda ka tsara fayil ɗin login_maps, akwai adireshi ɗaya da mutum uku ke amfani da shi a ofis ɗinmu.