Neman kalmar Hausa: na'urar barcin da likitoci ke ɗari-ɗari da ita

Mai shirya shirin lafiya a rediyo:
Assalamu alaikum. Malamai, gobe da safe za a naɗi shirinmu na lafiya, kuma akwai rahoton da ya cije mini saboda suna guda. Rahoton yana magana ne a kan masu lalurar nan da numfashi ke ɗauke musu cikin barci, da yadda wasu likitoci a Amurka suke ɗari-ɗari da rubuta musu na'urar APAP, suna fifita CPAP, alhali sau da yawa majinyatan ne da kansu ke roƙon a ba su APAP ɗin. CPAP tana hura iska da ƙarfi ɗaya tun daga kwanciya har wayewar gari, ita kuwa APAP tana ƙarawa tana ragewa gwargwadon yadda numfashin mai barci ya kasance. Na rubuta "na'urar numfashi mai sarrafa kanta", amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Likitan ƙirji:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki cire "na'urar numfashi" tukuna, domin tun zamanin korona mutane suka saba jin wannan suna a kan na'urar da ake sa wa wanda rai ya kai ga wuya a sashen kulawa ta musamman. Wannan kuwa ba ta yi wa mutum numfashi, kuma ba oksijin take ba shi ba. Iskar ɗaki ce take turawa ta cikin tiyo zuwa wani abin rufe hanci domin ta tokare maƙogwaro, wanda naman cikinsa kan saki idan barci ya yi nauyi har ya toshe hanya na daƙiƙa 10 ko fiye, wani lokaci fiye da sau 30 a cikin awa guda. Wannan ita ce dabarar da wani likita mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta ƙasar Ostireliya, aka wallafa a 1981. Ina ganin "na'urar buɗe hanyar numfashi" ta fi dacewa.

Malamin Hausa mai ritaya:
Likita, Allah ya ƙara basira, amma kalmomi huɗu kafin a kai ga siffa, wannan ai bayani ne, suna bai samu ba tukuna. Bahaushe yana da abin da ke hura iska tun kafin a san lantarki, wato zuga-zugin maƙeri. Sai a ce "zuga-zugin barci". CPAP ta zama zuga-zugi mai hannu ɗaya, APAP kuma zuga-zugi mai lura, tunda maƙeri ma duban wuta yake yi kafin ya ƙara zuga ko ya sassauta. Ciwon kuma a kira shi dannau, an huta.

Ma'aikaciyar jinya:
Allah gafarta malam, dannau daban ne. Mai dannau yana farke, yana ji yana gani amma ya kasa motsi, shi kuwa wannan bai ma san numfashinsa ya ɗauke ba, sai matarsa ta ji minsharin ya yanke, can kuma ya dawo da shaƙuwa, da rana ya wuni yana gyangyaɗi. Idan aka ce dannau a rediyo, wajen mai tofi za a kai mutum, ba asibiti ba. Mu "ɗaukewar numfashi cikin barci" muke cewa, kuma ana ganewa.

Malamin Hausa mai ritaya:
Na janye dannau, 'yata. Zuga-zugi kuwa ina nan a kansa. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka kawo kalma daga maƙera ko masaƙa sai 'yan boko su ji kunyarta, amma idan aka ari ta Turanci aka lanƙwasa, sai a karɓa hannu bibbiyu. Waɗanda suka ce "jirgin sama" daga jirgin ruwa suka ɗauko, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ina ruwan yake.

Ɗan jarida daga Maraɗi:
Malam ya yi gaskiya a kan aro, domin a nan Nijar likitoci PPC suke cewa, daga Faransanci, saboda haka idan kuka tsaya a kan CPAP mai sauraronmu ba zai gane ba. Sai dai ina roƙon kada a yanke hukunci a Kano kawai a aiko mana kamar yadda aka saba. Masu sauraron Hajiya ba su ƙare a bakin iyaka ba.

Malamin Hausa mai ritaya:
Ba wanda ya ambaci Kano, ɗan'uwa. Daidaitacciyar Hausa ta kowa ce, kuma zuga-zugi har Damagaram da shi ake ƙira.

Likitan ƙirji:
Malam, ba kunya ce ta hana ni karɓar zuga-zugi ba. Zuga-zugi bugu-bugu yake hurawa, ya cika ya saki, ita kuwa wannan na'ura amfaninta duka yana cikin rashin yankewar iskar, da ta yanke maƙogwaro zai rufe. Amma mu koma ga "mai sarrafa kanta", domin nan ne rahoton Hajiya ya rataya. Na'urar tana aiki ne tsakanin iyaka biyu da likita ke sa mata, ƙasa da sama, kuma yawancinsu suna fitowa daga kamfani a buɗe, daga 4 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira santimitar ruwa. Idan aka bar ta haka, takan fara da ƙarfin da ya yi wa mutum kaɗan, sai hanyar ta fara toshewa kafin ta ƙara. Idan abin rufe hancin yana yoyon iska, lissafinta yakan rikice. Wasu kuma hawa da saukar iskar ne ke tashinsu daga barci, sannan kowane kamfani da irin nasa lissafin, na'urori biyu ba lallai su amsa wa mutum ɗaya iri ɗaya ba. Babban abin tsoro shi ne masu raunin zuciya, da masu tsohon ciwon huhu, da waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa saboda ƙwaƙwalwa ba ta aiko da umarni ba, ba don toshewa ba. Waɗannan ba a sakar musu APAP haka nan, sai an kwana da su a ɗakin gwajin barci. Ga wanda ba shi da irin waɗannan cututtuka kuwa, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2019 ta yarda a fara da APAP a gida, kuma ta ɗauki na'urorin biyu daidai wajen ci gaba da magani. Saboda haka ɗari-ɗarin wasu yana da hujja, na wasu kuma sabo ne da tsohuwar hanya. In kika ce "mai sarrafa kanta", mai sauraro zai ji cewa ba a bukatar likita, ya sa ɗansa ya aiko masa da ita daga waje, ya jona ya kwanta.

Ma'aikaciyar jinya:
To a ce "mai sauya ƙarfin iska" da "mai tsayayyen ƙarfin iska". Su biyun suna bayyana juna, kuma babu wadda ta yi alkawarin abin da ba ta iyawa.

Ɗan jarida daga Maraɗi:
Wannan za a gane shi a Maraɗi. Amma "na'ura" kalmar 'yan jarida ce, a kasuwa "inji" ake cewa.

Mai shirya shirin lafiya a rediyo:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: "na'urar buɗe hanyar numfashi mai sauya ƙarfin iska", sau ɗaya a farko tare da bayanin Likita a kan iyakokin da ake sa mata, daga nan sai in riƙa cewa "mai sauyawa" da "tsayayya". Zan bar "na'ura" saboda da ita muka saba a shirin. Saura abin da ake ɗaurawa a hanci: in ce takunkumi?

Malamin Hausa mai ritaya:
Hajiya, ki karanta abin da kuka zaɓa, lokaci ya ƙure miki, amma ban yarda an samu suna ba, an dai samu bayani mai tsawo da numfashin mai karatu zai ɗauke kafin ya kai ƙarshensa. Takunkumi kuwa asalinsa na bakin dabba ne, korona ce ta ɗora wa mutane shi, kuma ban ga dalilin da za a sake ɗaura wa marar lafiya shi har cikin barcinsa ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ki ce "marufin hanci" a gobe, Hajiya, ko da yake akwai mai rufe hanci da baki gaba ɗaya, shi kuma sai a sake zama a kansa.