Zakara a Cikin Gari: Dokar Kare Manoma Ta Rufe Bakin Maƙwabci?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da kaji shida da zakara ɗaya a harabar gidana a nan Amurka, shekara uku ke nan. Jiya na dawo aiki na tarar da takardar hukumar birni maƙale a ƙofa, wai maƙwabciyata ta kai ƙorafi zakaran yana hana ta barci. Abokin aikina ya ce in kwantar da hankali, duk jihohi 50 suna da dokar kare haƙƙin noma. Kuma na riga matar nan zuwa unguwar. Ni a ganina wanda ya zo ya tarar da zakara ba shi da bakin ƙara.

Kawu Ila: Gaskiyarka ɗana. An yi irin wannan a nan Faransa, a tsibirin Oléron. Wasu tsofaffi masu gidan hutu suka maka maƙwabciyarsu a kotu saboda zakaranta, Maurice. A Satumban 2019 kotun Rochefort ta ba mai zakara gaskiya, ta kuma ce masu ƙara su biya ta Yuro 1,000. A Janairun 2021 majalisa ta yi doka ta sa sautuka da ƙamshi da warin karkara cikin kayan gadon ƙasa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ka riƙe abinka.

Barista: Kawu, a gafarce ni, wannan shawarar za ta iya ja masa tara. Dokokin Amurkan nan an yi su ne tun shekarun 1970 da 1980, lokacin da birane suka riƙa cin gonaki, baƙi su sayi gida kusa da garke sannan su kai manomi ƙara kan wari. Garkuwa ce ga gonar kasuwanci da ta riga maƙwabta kafuwa. Yaya Baban Hanifa kuwa ba maƙwabciya ce ta kai shi kotu ba, hukumar birni ce ta rubuto, ita kuma da dokar unguwannin zama take aiki. Birnin New York ya yarda a kiwata kaji mata, amma ya hana zakara. A Michigan ma, a 2014 hukumar noma ta jihar ta sauya ƙa'idojinta, masu kiwo a unguwannin da gidajen zama suka fi yawa suka rasa kariyar da suke dogaro da ita.

Kawu Ila: To Maurice fa, gonar kasuwanci yake?

Barista: A'a, amma alƙali ya duba ne ko carar ta wuce abin da aka saba ji a irin wannan wuri, ya ga masu ƙara ba su tabbatar da hakan ba. Dokar 2021 kanta ba ta hana kowa kai ƙara ba. Sai a Afrilun 2024 aka rubuta a dokar farar hula cewa aikin da ya riga mai ƙorafi, kuma yake bisa ƙa'ida, ba za a nemi diyya a kansa ba. Ka lura da “bisa ƙa'ida”, Kawu.

Maman Sadik: Ni maganar doka ba ita ta dame ni ba. Aikin jinya nake yi, na dare. Ƙarfe bakwai na safe nake shigowa gida, ƙafafuna a kumbure, in ja labule in kwanta. Zakara ba asuba kaɗai yake cara ba, wuni yake yi. Na taɓa zama kusa da mai zakara, akurkinsa bai fi taku goma daga tagar ɗakina ba. Wata huɗu ina tashi da ciwon kai, har na fara tsoron kuskure wajen ba marasa lafiya magani. Baban Hanifa, ka taɓa tambayar matar nan wane aiki take yi?

Baban Hanifa: Wallahi ban taɓa ba, Yaya. Gaisuwa kawai muke yi daga nesa.

Malam: Manzon Allah (SAW) ya hana zagin zakara, domin yana tada mutane salla. Shi ne kuma ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado. Malamai ba su ware maƙwabcin da ba Musulmi ba, ba su kuma ware wanda ya zo daga baya ba. Riga shi zuwa unguwa ba ta sauke maka haƙƙinsa.

Kawu Ila: Malam, na ji, amma in aka bi ta baƙo kullum, yau zakara, gobe tunkiya, jibi a ce manomi ya tashi daga gonar kakansa. Na ga ƙauyukan da 'yan birni suka cika da gidajen hutu, har ƙararrawar shanu suke kai wa ƙara. Wannan ba na goyon bayansa, kuma ba zan taɓa ba.

Maman Sadik: A ƙauye ina bayanka, Kawu. Nan katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Barista: Yaya, don ƙwai kake kiwon ko don ƙyanƙyasa? Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara.

Baban Hanifa: Don ƙwai ne, amma Hanifa ta shaƙu da shi, tun yana ɗan tsako ita ke ba shi tsaba. Takardar ta ba ni kwana goma. Yau zan mayar da akurkin can ɗaya gefen gidan, in rufe shi da duhu da daddare, gobe bayan la'asar in ɗauki ƙwai in ƙwanƙwasa mata ƙofa. Barista, zan turo maka hoton takardar ka duba min sashen dokar da suka ambata.

Barista: Turo yanzu, gaba da baya.