Shawarwari a zaure: wayar lantarki da bututun ruwa a bangon soso da kankare

Hajiya Mai Gini (Bobiel): Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Mun fara gini a nan Yamai da bulon nan na farin soso (polistiren), wanda ake jerawa a sa rodi a ciki, a zuba kankare a tsakiya, sosan ya zauna ciki da waje yana tare zafi. An jera bulo, ba a yi zubi ba tukuna. Mai aikin wuta ya ce a bar shi sai bayan zubi, mai aikin famfo kuma ya ce tilas ya shiga tun yanzu. Maganar wa zan ɗauka?

Injiniya (Yantala): Wa alaikumus salam, Hajiya. Kowannensu yana da gaskiya a ɓangarensa. Duk abin da zai ratsa bango daga waje zuwa ciki, wato wayar da za ta taso daga mitar kamfanin lantarki na NIGELEC, da bututun shigowar ruwa, da na fitar ƙazanta, da na na'urar sanyaya ɗaki, to a yanka masa guntun bututu mai faɗi a cusa ta cikin sosan kafin zubi, a toshe bakinsa biyu don kada kankare ya cika shi. Idan aka manta, sai an ɗauko injin huda, kuma huda kankare mai kaurin santimita 15 ko 20 da rodi a cikinsa aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Abin da zai bi jikin bango kawai yana iya jira, domin sosan kowane gefe yana da kaurin santimita 6 zuwa 7, a cikinsa ake yanka hanya.

Malam Mai Wuta (Wadata): Hajiya, in ƙara a kan bayanin Injiniya. Bayan kankare ya kama, muna zana hanyar waya a kan sosan, mu yanke ta da wuƙar zafi ko ƙaramin zarto na lantarki da aka ƙayyade zurfinsa, mu tura wayar can ciki har ta jingina da kankare, don ƙusar da za a buga daga baya kada ta same ta. Sai dai ina roƙon kada ki yarda a sa waya haka kawai ba tare da tiyo ba. Robar PVC da ke lulluɓe da waya ba ta jituwa da wannan soso: idan suka daɗe a manne, sinadarin da ke sa robar laushi yakan fita ya shiga sosan, robar ta bushe ta tsage. Saboda haka a zura wayar cikin tiyon nan mai ƙwarya-ƙwarya da ake samu a kasuwar Katako, a tabbatar na robar polipropilen ne. Abu na biyu shi ne zafi. Sosan da ke hana zafin Afrilu shiga ɗaki shi ne kuma ke hana zafin waya fita, don haka kada a yi rowar kauri: murabba'in milimita 1,5 ga fitilu, 2,5 ga soket, na'urar sanyaya ɗaki kuwa a ja mata layinta ita kaɗai, a kuma lissafa kaurin bisa cewa wayar a rufe take. Akwatin soket a ɗaure shi da kankare ko da robar da ke haɗa gefe biyu na bulon, soso ba ya riƙe komai.

Baba Magini (Talladje): Yara, ni dai ban ga dalilin fafe bango bayan an gama shi ba. Yadda muke shimfiɗa tiyo kafin zubin kankaren rufi, haka za a iya yi a nan, a huta.

Injiniya (Yantala): Allah ya ƙara girma, Baba, ana yin hakan, kuma ban ce haramun ne ba. Damuwata ita ce tsakiyar bangon ƙunci gare ta, ga rodi ga robobin haɗi, idan aka ƙara tarin tiyo kankare ba zai sauka sosai ba, ya bar kogo inda ido ba ya gani, tunda ba a cire wannan bulo bayan zubi balle a duba. Nauyin zubin kuma yakan murƙushe tiyo marar ƙarfi. Layi ɗaya ko biyu na bututu mai tauri, ɗaure da rodi, na amince; sauran a bar su cikin soso.

Baba Magini (Talladje): To, na ji. Amma ku tuna da gara. Ba ta cin sosan, hanya take yi a cikinsa har ta kai katakon rufi, saboda haka a yi maganinta a tushe, a kuma rufe duk hanyar da aka yanka kusa da ƙasa.

Mai Famfo (Tahoua): Gaisuwa ga iyayen zaure. Hajiya, ɗan'uwana na sana'a bai yi garaje ba. Ƙananan bututun ruwan sha, masu milimita 20 ko 25, suna shiga sosan ba tare da wahala ba, na wankin hannu mai milimita 40 ma yana shiga da ƙyar. Na ban-ɗaki mai milimita 100 kuwa ba shi da wuri a nan, kuma a ganina kuskure ne a rage kaurin kankare saboda shi; a bi da shi ta bangon ciki na bulon siminti, ko a gina masa rufaffen lungu. Ban so a binne mahaɗar bututu cikin kankare, domin ranar da ta fara yoyo sai an fasa ginshiƙin gida. Gam ɗin haɗa PVC yana narkar da soso, haka ma fetur da tina, don haka a haɗa a gefe ko a sa kwali a tare. Kafin a rufe, a cika bututun da ruwa a matsa shi, a bar shi ya kwana, a ga ko zai jiƙa wani wuri. A ɗauki hoton kowane bango da ma'auni a jikinsa, ki adana a wayarki.

Hajiya Mai Gini (Bobiel): Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: da me za a rufe sosan ta ciki, kuma zai ɗauki nauyin na'urar dumama ruwa?

Injiniya (Yantala): Kada a bar shi a buɗe ko da a ɗakin ajiya ne, Hajiya, domin yana narkewa idan wuta ta taɓa shi, hayaƙinsa kuma mugu ne. A rufe shi da allon filasta mai milimita 13, a ɗaure a jikin robobin haɗi, ta waje kuma a yi yaɓe a kan raga. Abu mai nauyi irin tukunyar ruwan zafi sai an yanke sosan wurin, a sa katako ko ƙarfe ya cike gurbin, a ɗaure shi da kankaren kansa. Ki sa a yi wa waɗannan wurare alama tun yau, tare da gurbin na'urar sanyaya ɗaki, wanda ake ɗan karkatar da bututunsa zuwa waje saboda ruwan da take zubarwa.