Wa zai biya karayar Inna?

Sakatare: Salamu alaikum 'yan uwa. Kun ji abin da ya sami Inna daren Laraba. Tana dawowa daga kasuwa bayan ruwa ya ɗauke, ta bi gefen titi inda murfin kwata ya karye tun bara, ta rufta ciki, ƙashin ƙugunta ya karye. Tana kwance a asibiti a Dutse. Matasa na cewa a kai gwamnati kotu. Ni a ganina ba a ƙarar gwamnati kan irin wannan. Ƙaddara ce, mu haɗa gudunmawa kawai.

Liman: Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam Sakatare, ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. An ruwaito Sayyidina Umar yana cewa da alfadari zai yi tuntuɓe a Iraƙi, yana tsoron Allah ya tambaye shi don me bai gyara masa hanya ba. Dabba ke nan, balle tsohuwa.

Direba: Allah gafarta Malam, mu faɗi namu laifin. Wa ya fasa murfin ya zare rodin ya sayar wa 'yan jari bola? Wa ya jera tebura a hanyar masu tafiya a ƙasa har ba wurin taka ƙafa ranar kasuwa? Gwamnati ce?

Lauya: Yaya Direba, wannan hujjar lauyansu zai kawo, kuma kotu kan rage diyya in ta ga wanda ya ji rauni ma ya yi sakaci. Amma Inna ba ta zare rodi ba. Ana ƙarar gwamnati, sai dai hanyar da ƙaya. Sai an fara gano mai titin: na tarayya hukumar gyaran titunan tarayya (FERMA) ke gyara shi, na jiha akwai hukumar gyaran titunan Jigawa (JIRMA), tituna da magudanan ruwa na cikin gari kuwa tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. In ka yi ƙarar wanda ba shi ba, an kori shari'ar. Abin da ya fi damuna lokaci ne. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara, kuma galibi sai ka rubuta musu takardar sanarwa kafin ka shigar da ƙara. Mutanenmu suna can suna jinya, wa'adin ya wuce ba su sani ba. Ko ka ci nasara, taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar.

Sakatare: To ka ga maganata. Kashe kuɗin banza ne.

Shugabar Mata: Ba na banza ba ne, Malam. Yaranmu ta nan suke bi zuwa Islamiyya da magariba. Ni da hannuna na ciro yarinya daga ramin nan da damina. Kuma sau biyu muka rubuta takarda, ba wanda ya zo ko dubawa.

Lauya: Hajiya, kwafin takardun na nan? Da hatimin karɓa?

Shugabar Mata: Ɗaya na da hatimi.

Lauya: Ita ce shaidar sun sani suka ƙyale. Ku ɗauki hoton ramin yau kafin wani ya cike shi, ku adana duk rasit na asibiti. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ne.

Direba: Ni zan ɗauki hoton. Amma masu teburan ma sai mai gari ya tashe su, ba na janye wannan.