Laftof ɗina tana kawo shuɗin sikirin in zan kashe ta, in yi afdet ɗin BIOS?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana kwamfuta a taimaka min. Laftof ce ta hannu na saya wajen wata takwas kenan, Windows 10 ce a kanta, da ita nake buga wa mutane takardu a shago kuma lafiya lau take aiki, amma kusan sati uku kenan duk sanda zan tashi na danna kashewa sai sikirin ya yi baƙi amma fanka na ta kuka fitila na kunne, sai ta daɗe a haka sannan ta kawo shuɗin sikirin ɗin nan ta rubuta DRIVER_POWER_STATE_FAILURE ta sake kunna kanta. Abin mamaki in ristat na yi ba ta yin haka, kashewa ce kawai. Yanzu sai dai in danne maɓallin wuta har ta mutu. Wani abokina ya ce BIOS ɗin ne ya tsufa, in sauko da sabo in saka shi kenan. Batirin dai ya mutu, ko minti biyu ba ta yi in an zare caja. In yi ko kar in yi?

Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka soma, da mataccen batiri da irin wutarmu da ake ɗaukewa ba sallama? Wallahi kasada ce. BIOS ba kamar sauran manhajoji ba ne da in sun lalace za ka goge ka sake sakawa, a cikin wani ɗan ƙaramin aisi (IC) yake zaune a jikin madabod, wato babban allon cikin na'urar, shi ne yake tada na'urar kafin Windows ma ta san an kunna. Lokacin afdet goge tsohon ake yi ana rubuta sabon, in wuta ta katse a tsakiya to ba tsoho ba sabo. Kwanaki aka kawo min wata, mai ita ya ce layin nan mai tafiya ya wuce rabi aka ɗauke wuta, ka danna maɓalli fanka ta juya, fitila ta kama, sikirin ƙirin kamar ba a kunna ba. Sai da na kwance ta gaba ɗaya na kama aisin da CH341A, wata 'yar na'urar rubuta wa aisi, na sake rubuta masa fayil, neman fayil ɗin da ya dace da wannan madabod ɗin kaɗai ya ci min kwana biyu.

Kuma ni ban ga alamar BIOS a maganarka ba. Ai ka riga ka faɗi amsar da bakinka, ristat lafiya kashewa matsala. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, in ka danna kashewa ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana kwashe halin da direbobi suke ciki, wato ƙananan manhajojin da Windows ke sarrafa sassan na'ura da su, ta adana a hadis (hard disk) don gobe ta tashi da sauri, shi kuwa ristat ba ya bin wannan hanyar. To in akwai direba ɗaya da aka ce masa ya kwanta ya ƙi amsawa, Windows za ta yi ta jiransa har ta gaji ta faɗi, ma'anar rubutun da kake gani kenan, lambarsa 0x9F.

Gwada wannan: danne Shift ka riƙe sannan ka danna kashewa. In ta mutu lafiya ka dawo ka faɗa mana.

Sarkin_Sauri:
Oga ka yi mata fomatin kawai ka huta, ni duk matsalar da kwamfuta ta kawo min haka nake yi

Malamar_Kwamfuta:
Haba Sarkin_Sauri, mutum da takardun jama'a a ciki ka ce ya yi fomatin, kuma in direban ne ai yana gama sakawa zai sake ɗora shi abin ya dawo, an yi ba a yi ba kenan.

Ɗan_Gwammaja ka tuna da kyau, me ka jona mata ko ka saka sati uku da suka wuce? Modem, firinta, wani abu na USB? Sannan ka leƙa C:\Windows\Minidump, duk faɗuwar da ta yi tana barin ɗan fayil a wurin, wani ɗan shiri mai suna BlueScreenView zai buɗe maka shi kyauta. Amma in ya nuna maka ntoskrnl.exe kar ka ce ka kama ɓarawo, wannan zuciyar Windows ce, ita dai aka tarar a wurin, sai an buɗe fayil ɗin da manhajar bincike ta WinDbg an rubuta !analyze -v a ciki sannan yawanci sunan direban yake fitowa.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba kan BIOS, in BitLocker, makullin Windows da ke kulle fayiloli, na kunne a hadis ɗinka kuma ka yi afdet ba ka dakatar da shi ba, tana iya tashi ta nemi lambar buɗewar nan mai lambobi 48, kuma kai da ka saya ta hannu wa ya sani ko kana da ita. Na ga wanda ya yi kuka da hawaye kan wannan, na'ura lafiyarta ƙalau amma fayilolinsa a kulle.

Ka kuma rage danne maɓallin nan, wata rana za ka katse ta tana tsakiyar rubutu.

Ɗan_Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na yi na Shift ɗin sau uku, duk ta mutu nan take ba gardama. Kuma Hajiya kin tuna min, na sayi ɗan abin wayifai na USB saboda na cikinta ba ya kamawa daga nesa, da wani ƙaramin faifai ya zo na saka direbansa, lokacin kuwa ya yi daidai. Na zare shi na kashe ta yadda na saba, lafiya lau.

Mai_Gyara:
To ka gani. Cire wancan direban a Device Manager ka nemo sabo, na cikin faifan nan sau da yawa tsofaffi ne. In ya ci gaba ka shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar Fast Startup, ɗan jinkirin tashi ne kawai za ka gani.

Ba wai na ce afdet ɗin BIOS haramun ba ne fa, wani lokaci shi ne maganin, musamman in kamfanin ya rubuta ƙarara cewa sabon ya gyara irin matsalarka. Amma sai da batiri mai rai da caja a jone, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, kuma lambar samfurin ta zama daidai harafi da harafi, ba wai mai kama da ita ba. Wasu na'urorin ma suna da hanyar ceto in BIOS ya lalace, HP ana danne maɓallin Windows da B, Dell kuma Ctrl da Esc, sai dai ba kullum take ci ba.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode oga, na fasa. Batirin zan fara nema, in na shiga kasuwar Beirut Road ta Kano ranar Asabar zan tambaya, ko da lambar jikin tsohon zan je ko sunan laftof ɗin ya isa?